Ramin da Na Gina Bayan Ɗaki

Wautata da ta fi kowace girma ita ce na ɗauka wanda ya karɓi haihuwar awaki talatin ya san cikin mace. Karatuna bai wuce allo ba, shi ma sata-sata.

Cikin maiɗakina na shida ya zo da rigima. Kullum ciwo, in ɗan ya motsa sai ta riƙe bango. Ga shi kwance gicciye, in ka aza hannu kana jin diddigensa kamar zane ɗaya ya raba ku. Ni ko sai fahari nake a kasuwar Wurno, wai ɗan kokawa zan samu.

Na ɗauko tsohuwar ungozomarmu ta Kwargaba, na ce ta murza cikin ta juya shi, yadda nake wa akuya. Ta taɓa sau ɗaya ta janye hannu.

"Ɗan nan, wanga ciki ba na murza ba na. Kai ta asibiti."

"Inna, mi kike tsoro?"

"Kai nike tsoro."

A Wurno anka ɗauki hoton ciki, anka tura mu Sakkwato. Can likita ya juyo mani allon na'ura, ni dai hayaƙi na gani. Ya ce mahaifa wayam take, ɗan a waje ya zauna, tsakanin hanji. Sai an yi aiki, kuma a tanadi jini tun ba a sa wuƙa ba, don nan ne ran uwa ke tafiya. 'Yan'uwanta masunta sunka zo daga Goronyo suna warin kifi, sunka ba da. Nawa jinin anka gwada anka ce bai isa ba, in je in ci abinci.

Ɗiya mace anka fiddo, ƙarama, da rai. Uwar ma ta farka.

Na riga na gina rami bayan ɗaki don binne mabiyiya, sai na je karɓarta. Likita ya ce sun bar ta ciki, ta kama hanji, fizge ta zubar jini ne. Jiki zai shanye ta sannu, mu riƙa dawowa awo. Na tsaya gardama, wai ba a taɓa yi ba a gidanmu.

Ran da munka komo, maiɗakina ta leƙa ramin, ta yi dariya tana dafe da ɗinki.

"Malam, da Inna ta bi maganarka, wanga rami ya yi maka kaɗan."