Saniyar Nitai a Wajen Taro

Nitai Mondol maƙwabcina ne a ƙauyenmu na kudancin Khulna, kusa da bakin teku, tun ina amarya har na yi furfura. Ba shi da gona ko taku ɗaya. Saniya gare shi, fara, mai suna Dholi. A da, rashin gona ba ya hana kiwo. Da an yanke shinkafa, filin kowa ya zama na kowa, dabbobi su yi ta cin tushiya har damina ta kewayo. Da nonon Dholi ya raini 'yarsa Parul bayan matarsa ta rasu, da kashin saniyar suke hura wuta.

Sai masu kiwon jatan lande, 'yan halittun ruwan gishiri da ake ci, suka zo daga birni. So suke a fasa jingar kogi, ruwan gishiri ya kwanta a gonaki, su riƙa kai kayansu ƙasashen waje. Ciyaman ɗin yankinmu ya kira taro a filin makaranta, ya ce jama'a ce za ta yanke hukunci. Tun ba a zauna ba aka raba wa kowa shinkafa da nama a leda.

Nitai ya zo janye da Dholi.

"Baffa Nitai, amarya ka kawo mana?" in ji ɗan wani mai gona.

"Ta fi ka sanin gonar ubanka. Kai rabonka da ita tun da aka saya maka babur."

Aka yi dariya. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu, ya ɗaga, duk marasa gona muka ɗaga. Mun fi yawa, ko makaho ya sani.

"Sauke, Baffa, kada ka gaji," in ji ciyaman. "Hannun mai gona ake ƙirgawa."

"To ita fa, me za ta ci?"

"Jatan lande," wani ya amsa daga baya.

Aka fasa jinga. Ciyawa ta ƙone, itatuwan kwakwa suka bushe tun daga kai. Dholi ta koma haƙarƙari da fata. Dillali ya yi ta zarya, Nitai ya ƙi sayarwa. Ya ɗora ta a kwalekwale ya kai ta gidan Parul, wadda ta yi aure can arewa inda ruwa ke da daɗi.

Da ya dawo sai ya karɓi gadi a wurin mutanen nan, yana korar ɓarayi da tsuntsaye daga tafkinsu.

Na ce, "Nitai, ba ka ji kunya ba?"

"Yaya, ita ma kunyar ba ta tsira a gishiri."

Ban ƙara ba, don jikana ma can yake aiki.

Dholi ta murmure, har ta haihu. Jikokin Nitai ke shan nonon. Shi kuwa baƙin shayi yake sha, da ɗan gishiri-gishirinsa. Har ya mutu bai fasa zuwa taro ba. Yakan gaisa da kowa, ya koma gefe ya tsaya, hannayensa goye a baya.