Ƙyallen Mutanen Dutse

Wata 'yar ƙungiyarmu ta matan Arewa mazauna Dubai, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo shawarar. Ta je kwas ƙasar Ailan, ta dawo da hotunan wani dogon surfani da matan wani gari suka yi shekaru suna ɗinkawa. Tarihinsu suka zuba a yadi, yadda wasu mutane da ake kira Norman suka tsallako teku da yaƙi, suka zauna, har aka yi auratayya. Muka ce mu ma mu yi namu, tunda 'ya'yanmu a Dubai sun fi sanin tashoshin jirgin ƙasa a kan ƙofofin Kano.

Ni aka ba jagorancin aikin, don ni ce mai baki, kuma falona a unguwar Al Khabaisi ya fi na kowa faɗi. Duk Asabar bayan la'asar muke taruwa. Kowa aka yanka mata ƙyalle kamu biyu, ta ɗinka abin da ta ji a gidansu, a ƙarshe a haɗa. Wata ta ɗauki marina, wata ayarin fatake, wata ganuwa. Ni kakan kakana na ɗauka, da takobinsa da shuɗin rawani. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa shi ya ci garuruwan duwatsu, kuma ban taɓa tambayar su wa ke zaune a garuruwan ba.

A cikinmu akwai wata baiwar Allah, Kirista daga kudancin Kaduna, guga take yi a wani otal a Jebel Ali. Ta girme ni, Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce min Hajiya. Bas biyu take hawa kafin ta iso, amma ba ta taɓa fashi ba. Rabinmu ita ta koya wa riƙe allura, don mu 'yan ofis sai surutu da shan shayi.

Ran da ta shimfiɗa nata, muka matso muna kallo. Dutse ne, mutane suna hawa da tukwane a ka. Cikin kogo mace ta toshe bakin jaririnta da tafin hannu. A gindin dutsen ga maza da takubba, suna jan wasu da igiya a wuya. Rawunansu shuɗi ne, kuma zaren a wurina ta ara.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Labarin kakata ne, Hajiya. Uwarta ce a kogon. Ƙannenta biyu ba su kai saman dutsen ba."

Aka yaba hannunta, aka sauya zance. Ni kuwa raina ya ɓaci, kamar ta zage ni a falona.

Ni na haɗa ƙyallayen a keken ɗinki. Da na zo kan nata, ban cire ba, don ba ni da wannan ƙarfin halin. Na kai shi ƙarshe, na naɗe shi baya, na bi da ɗinki kamar kalmasa. Na faɗa wa kaina bangon ne ba zai ɗauka ba, alhali ko auna shi ban yi ba.

Ranar da aka rataye surfanin a zauren da muka kama, iyaye da yara suka cika. Na tsaya gaban kakan kakana ina ta bayani. Yaya ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta bi yadin daga farko har ƙarshe, ta sake dawowa. Sai ta sa hannu ta taɓa gefen, ta ji kaurinsa, ta leƙa baya. Ina kallonta, na katse bayanin.

Sai da jama'a suka watse muna naɗe kujeru ta zo wurina.

"Hajiya, ko akwai reza a jakarki?"

Na soma cewa bangon ne ya yi kaɗan. Ta ce, "Khalas, ya wuce, ba komai. Ki dai ba ni kayana in tafi da shi."

Muka sauke yadin a kan tebur. Ni na yi ɗinkin, ni na farke shi, zare bayan zare. Ita ta riƙe min gefen tana ja a hankali, tana cewa in bi sannu kada rezar ta taɓa aikin wadda ke kusa da nata. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Kalmar haƙuri tana bakina, amma na ga ta yi ƙanƙanta, na kasa furtawa.

Ta ninke ƙyallen gida huɗu ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta juyo.

"Na gode da zaren, Hajiya. A gaida yara."

Asabar da ta biyo na dafa shayi, na ajiye mata kofinta. Ba ta zo ba, kuma ba wadda ta tambaye ni dalili.