Kwano Ɗaya da Uwar Mijina

Shekarun baya, tun gwiwoyin nan nawa ba su fara kuka kamar tsohuwar ƙofa ba, ni ce mai man gyaɗa da ƙuli a unguwarmu a Malumfashi. Ba yabon kai ba, in na ɗora kasko, ƙamshi kaɗai yana tsayar da motar Funtua, direba ya sauko ya biyo hanci har ƙofar gidanmu. A hannun mahaifiyata na koyi sana'ar. Da ita na yi wa babbar 'yata kayan ɗaki, kuma saboda ita ban taɓa sunkuyar da kai a sha'anin dangi ba.

Wata shekara da kaka, na ɗan haura arba'in, uwar mijina ta zo daga ƙauyensu na wajen Musawa za a yi mata aikin ido. Inna muke ce mata. An ce ba daɗewa za ta yi ba, sai likita ya ce sai ido ɗaya ya warke a taɓa ɗayan. Ɗakin baƙi kuwa buhunan masara sun cika shi har rufi, don haka a ɗakina aka sauke ta. Da rana sai ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, daidai saitin ƙofar madafa.

Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane ba. Mu yadda aka raine mu, mace ba ta cin abinci a gaban uwar mijinta. Ko ruwa za ki sha, sai kin juya baya. Tun da na yi aure Inna ba ta taɓa ganin bakina yana motsi ba, in ba gaisuwa nake ba. Da can in ta zo, kwana biyu ne in daure. Wannan karon ɗaki Inna, tsakar gida Inna, sai na koma ɓarauniya a gidana.

Ga masu karyar masara a gonar mijina Malam, ƙarti, kowanne kamar da rumbu aka haife shi a ciki. In tuƙa tuwo, in kwashe na gona, na Malam, na Inna, na yara, abin da ya rage a tukunya ƙanzo. Sai in laɓe bayan ƙofar madafa in kankare. Shi kuwa ƙanzo ba ya rufa wa mutum asiri, ƙurus ɗaya sai ki ji Inna ta yi gyaran murya. Na koma jiƙa shi da ruwa ina haɗiya a tsaye. In ido ya fara rufewa in kora da baƙin shayi mai kauri, in jefa goro a kunci, in koma kan gyaɗa.

A daidai lokacin jikina ya fara nasa tawayen. Al'ada ta rikice, wani watan ta ɓace, wani watan ta zo kamar an ɓalle dam. Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa ka, wanda da za a fasa ƙwai a goshina da ya soyu tas. Barci ya yi hijira. Zuciya kuwa a bakin hanci. Akwai ranar da na yi wa zakaranmu faɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga, laifinsa kawai ya kalle ni a karkace. Da yamma ludayi ya tsage, na zauna na yi masa kuka kamar an aiko mini da rasuwa.

Ƙawata ta gidan da ke jikin namu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, rufa mana asiri, ciki ne. Auta na tafe."

Na ce, "Auta a gidan uban wa? Ina da jika?"

Ta ce to in ba ciki ba ne iska ce. Ta kawo turaren hayaƙi muka banka, har awaki suka yi ta atishawa. Ni kuwa gajiya ko gezau.

Ranar da abin ya fashe, ina tsaka da juya markaɗen gyaɗa, mai ya fara tsattsafowa, sai na ga darbejiya ta zama biyu. Farkawa na yi na gan ni a ƙasa, ɗankwali cikin mai, yara na salati, kasko na tafasa bai fi taku ɗaya da kaina ba. Aka kira Malam daga gona. Mutumin da bai cika magana ba, ranar ya yi.

"Shi ke nan, an rufe sana'ar nan. Gobe ki faɗa kasko in ce wa 'yan'uwanki me? Soya ki na yi?"

Na ce, "Malam, santsi ne."

"Santsin a idonki yake? Kayan aikin ma ƙanwata ta Dandume zan aika wa. A je asibiti, amma maganar ƙuli ta ƙare."

Wallahi faɗuwar ba ta yi mini ciwo kamar maganar nan ba.

Zuwana asibiti ya zo daidai da ranar duba idon Inna, sai muka shiga adaidaita tare. Bayan an ɗebi jinina aka tura ni wurin wata ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar garinmu, tare muka yi firamare, bakinta ya fi nawa kaifi. Ba inda zan ajiye Inna, dole ta zauna a benci cikin ɗakin, ido ɗaya a manne da filasta, kunnuwa kuwa garau.

Ma'aikaciyar ta ja fatar idona ƙasa ta ce, "Mutuniyar, ina kika kai jininki? Ko shi ma sayarwa kike a kwalba? Me kika ci jiya?"

Na ce, "Tuwo, da shinkafa, da ɗan nama."

"Ki ji tsoron Allah. Wannan idon bai ga nama ba tun Babbar Salla."

Na yi ƙasa da murya na ce ƙanzo, da shayi, da goro.

Sai ta daina wasa ta yi mini bayani. Ta ce akwai wasu sinadarai da jikin mace ke fitarwa, su ke juya al'ada, suna da hannu a barci da zafin jiki har da saurin fushi. Ta kira sunansu da Turanci, har yau harshena bai yarda da shi ba. In mace ta doshi shekarun ɗaukewar al'ada sai su riƙa hawa da sauka. Jinin da nake zubarwa da yawa ya rage mini ƙarfi, ban mayar da komai ba, ga shayi a kan ɗan abin da na ci yana hana jiki tsotsar abin da ke gina jini, goro kuma ya kore sauran barcin. Ta rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce wake, zogale, hanta, ƙwai, kuma in zauna in ci, ba a tsaye kamar jaki ba. In jinin ya sake yin yawa in dawo likita ya duba.

"Amma ke da ke ciyar da gari, me ya hana ki ci?"

Na zuba wa silifas ɗina ido. Sai muryar Inna daga benci: "Ɗiyata, bar ta. Ni ce."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Muka kamo hanyar gida. Muna shiga Inna ta kira Malam. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Kai, mai gidan nan, zo. Kada ka taɓa mata kayan sana'a. Ba aiki ke kayar da ita ba, yunwa ce da shekaru. Ka bar mini ita zuwa ƙarshen kaka. In ta sake faɗuwa, ni da kaina zan ɗora maka kaskon a mota." Malam ya ce, "To, Inna." Me zai ce?

Da azahar na kai mata dambun zogale, na juya zan gudu, ta kama bakin zanena.

"Zauna. Sa hannu."

"Inna, na ƙoshi."

"Da mi? Ƙanzon da kike jiƙawa bayan ƙofa? Idona ne ke ciwo, ba kunnena ba. Na zaci marmari ne, ashe shi ne abincin."

Jama'a, na haihu sau shida, amma ban taɓa shan wuya irin ta lomar farko ba. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na sa dambu a baki na rasa yadda ake tauna. Lomar nan ta yi zaman da har ta kusa tsiro. Inna ta juya kai wajen katanga kamar tana ƙirga ƙadangaru, tana turo mini hanta da ɗan yatsa. Can ta ce, ita ma da ta kai shekaruna zafin nan ya kama ta, ta riƙa kwara wa kanta ruwan randa da tsakar sanyi, mutane suka ce taɓuwa ce. Ba wanda ya gaya mata abin yana da dalili, kuma ita ma a tsaye ta ci abinci har tata surukar ta bar duniya.

Haka muka yi ta yi, safe, rana, yamma. Ta hana ni goro alhali nata na cikin kunci. Ta sa ƙawata ta riƙa kama mini juyin gyaɗa, ta sa Malam ya nemo mai dafa wa 'yan gona. Ba dare ɗaya na warke ba, kuma zafin bai tafi duka ba, sai da ya ɗauki shekarunsa. Amma jiri ya bar ni, na daina rigima da kaji. Kafin a gama cirar auduga na yi kumatun da ƙawata ta sake rantsuwa ciki ne. Malam bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba. Wata ranar kasuwa dai na ga an sauke buhun gyaɗa a zaure, ya wuce ciki yana kallon sama.

Yau in mace ta ce mini ta gaji, ba na fara ce mata ta yi haƙuri. Tambayarta nake me ta ci, a zaune ko a tsaye, kuma yaushe rabonta da a duba jininta. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba ta ƙara jini.

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ranar da za ta koma ƙauye, idanu biyu tar, ta shiga mota ta leƙo ta taga, a gaban ɗanta da yara da fasinjoji, ta ce, "In na ji kin rame, dawowa zan yi." Na kuwa tsare jikina sosai. Yanzu da zan san rama za ta dawo da ita, ko na wuni ɗaya ne, da na koma kan ƙanzo.