Haka Ne, Magatakarda

Duk wanda ya taɓa yin sujada da Hausa a garin Beltsville na Amurka ya san Da Chuwang Dalyop, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon da ke zama gefen mai wa'azi, da babban littafi a cinya da biro a aljihun riga.

Birom ne, mutumin Bukuru, inda ake kiran dattijo Da, dattijuwa kuma Ngo. Akawu ne a wani kamfanin kuza har ranar da aka rufe shi. Ya ci cacar biza, ya iso Maryland a shekarar 2000 tare da matarsa Ngo Martina da 'yarsu Olive, ya samu aiki a ɗakin wanki na wani asibiti a Largo. Hannun da ya saba da biro ya koma ninke zannuwan gado.

A lokacin 'yan Filato da kudancin Kaduna sun fara taruwa ran Lahadi a wani ɗaki da suka yi haya a saman shagon tayoyi. Akwai Birom, akwai Ngas, akwai Tarok da Bajju. Babu mai jin yaren wani, don haka da Hausa ake waƙa, da ita ake addu'a, kamar yadda suka taso a gida.

Wata Asabar samari biyu masu fararen riguna, 'yan cocin Mormon, suka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya ba su ruwa, ya saurare su. Bai bi su ba, amma magana ɗaya ta zauna masa: sun ce tun ranar da aka kafa cocinsu aka ba da umurni a riƙa rubuta abin da ke faruwa.

"Kin ji mutane," ya ce wa Martina bayan sun tafi. "Mu kuwa mu taru mu watse kamar kasuwar ƙauye. Gobe wa zai san mun zauna a nan?"

Da Lahadi ta zo ya je da littafi, dattawa suka naɗa shi magatakarda.

Ga yadda yake aikinsa. A Lahadin farko ta kowane wata, bayan sujada kafin a buɗe kulolin abinci, sai ya miƙe ya karanta abin da ya faru: wanda aka haifa, wanda aka yi wa baftisma, wanda ya iso, wanda ya rasu a gida. Bayan kowace magana ya ɗaga kai ya ce, "Haka ne?" Jama'a su amsa, "Haka ne, magatakarda." In wani ya ce ba haka ba ne, a nan take zai gyara. A wurinsa abin da aka karanta aka amsa ya zauna ke nan, ba ya sake taɓuwa. Suna kuwa ba ya rubuta shi da ka. Sai ya je wurin uwar jariri ta faɗa masa harafi bayan harafi.

Choji, wani direban tasi mai son tsokana, yakan ɗaga hannu daga baya.

"Da, ka manta abu ɗaya. Gwaten Ngo Martina na wancan makon gishiri ya yi yawa."

Chuwang ya duƙa kamar mai rubutawa, ya ɗago. "Haka ne?"

"Ba haka ba ne!" in ji matan zumunta gaba ɗaya.

"Ka cinye kwano biyu, marar kunya," in ji Martina.

Rikicin Jos ya canja ɗakin. Bayan na 2008 karatun wata-wata ya koma jerin sunayen matattu. A 2010 aka kashe ƙanen Choji. Da Chuwang ya zo kan sunan ya tambaya ko haka ne, Choji ya miƙe.

"Da wannan harshen aka kira shi ya fito waje aka sare shi. Da shi kuma za ka karanta min sunansa?"

"Da shi aka yi masa baftisma, Choji."

"To ya ishe mu haka."

Ba Choji kaɗai ke da wannan a zuciya ba. Ga kuma yaran da suka tashi a nan, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, lokacin karatu suna danna waya. Bayan 'yan shekaru aka kawo sabon fasto ɗan kudancin Najeriya, aka koma babban zaure, aka kaɗa ƙuri'a cewa daga yanzu komai da Turanci za a yi. Chuwang ne ya rubuta hukuncin, shi ne kuma ya karanta shi, da Hausa. Ya ce, "Haka ne?" Tsofaffin mata 'yan kaɗan suka amsa. Wannan ne karatunsa na ƙarshe a gaban jama'a. Aka ba wata matashiya, Constance, aikin rubutu, tana yi a kwamfuta.

Bai daina rubutu ba. Abin da ya dame shi shi ne wa zai karanta. Ya zaunar da Olive ya buɗe mata littafi na farko. Tana jin Hausa, amma baƙaƙen sun gagare ta: ta ga ƙasa ta ce kasa, ta ga ɓata ta ce bata. Ta yi ƙoƙari na ɗan lokaci, sannan ta ce masa da Turanci aiki ya yi mata yawa.

Martina ta rasu a 2015. Ciwon sukari ya ci idanun Chuwang, layin rubutunsa ya fara hawa kan juna, har ya ajiye biro.

Mutum ɗaya ya rage mai karanta masa. Malam Muntaka, Bazazzagi mai haɗa magani a asibitin da Chuwang ya yi aiki, sun saba tun ranar da ya ji shi yana waƙa da Hausa a ɗakin wanki. Shi ma an ƙona wa kawunsa shago a Jos. Ba su taɓa zama a kan wannan maganar ba. Yakan zo da yamma bayan la'asar, ya ɗauki littafi ɗaya ya karanta, Chuwang na gyara masa sunayen Birom.

A 2016, da Chuwang zai koma gidan Olive a Manassas, ikilisiya ta shirya masa ban kwana. Ya sa aka ɗauko littattafan a kwali ya miƙa wa fasto. Fasto ya yi godiya sosai, ya ce ofis ba wuri, a ajiye su a gida tukuna. Sannan Constance ta karanta abin da aka zana a kan wani allon katako da aka ba shi don girmamawa. Cikin Turancin da ta karanta, Chuwang ya tsinci kalmar magatakarda, aka yi tafi, ya yi murmushi.

Washegari ya miƙa wa Muntaka allon.

"Malam, karanta min sunan. Harafi bayan harafi. Turawan nan sukan cinye min harafin ƙarshe."

Muntaka ya daɗe yana kallon allon.

"Karanta mana," in ji Chuwang.

"Da, babu Chuwang a nan. Babu Dalyop."

"To me aka sa?"

"Dattijo Maga Takarda. Maga daban, Takarda daban."

Tun tana ƙarama Constance take jin jama'a na cewa haka ne, magatakarda, yara kuma na kiransa Baba Maga. Ta ɗauka sunansa ke nan. Faston bai san Hausa ba. Choji ya daɗe da komawa wani coci. Olive ta gani a wurin taron, ta rasa yadda za ta faɗa.

"Kuskure ne na yara," in ji Muntaka. "Bari in kira su, a sake wani."

Chuwang ya shafa haruffan da yatsa.

"An karanta a gaban jama'a?"

"An karanta."

"Akwai wanda ya ce ba haka ba ne?"

"Babu," in ji Muntaka.

"To ya zauna," in ji Chuwang.

Ya rasu a 2018. Kafin nan Muntaka ya yi ritaya ya koma Zariya. Littattafan suna garejin Olive a Manassas, cikin kwalin da aka mayar da su, kusa da injin yankan ciyawa. Ta ce ba za ta zubar ba. Ta kuma ce har yau babu wanda ya tambaye ta su.