Inna Hujja Ta Ajiye Alli

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe ta riga ta iso. Takan rataye jakarta a bayan ƙofar ɗakin malamai, ta goge tabaraunta da bakin mayafi, sannan ta tambayi abin da kullum take tambaya: "Wa bai zo ba yau?" Ilimin halittu aka ɗauke ta koyarwa tun tana budurwa, amma makarantar ba ta taɓa wadatuwa da malamai ba. In mai lissafi ya tafi ƙaro karatu, ita ce. In mai tarihi ta haihu, ita ce. Ta koyar da labarin ƙasa, ta koyar da adabi. Maigidanta yakan ce shi dai an yaudare shi, malama aka ce masa ya aura, ashe ɗaliba ce da ba ta da ranar gamawa.

Yara ne suka raɗa mata sunan. Duk amsar da ka ba ta, daidai ko kuskure, sai ta karkata kai ta ce, "To, na ji. Ina hujja?" Daga "ina hujja" aka koma "Inna Hujja", har shugaban makaranta ma wani lokaci bakinsa kan suɓuce ya kira ta haka.

Wanda ya gan ta a gaban allo zai ɗauka ba ta san tsoro ba. Na kusa da ita sun san ba haka ba ne. Mace ce mai yawan fargaba. Tsoronta ɗaya, kada ta saka wa yaro abin da ba daidai ba a ka, ya tafi da shi har tsufansa. Darasin da ta koyar shekara da shekaru, har yau sai ta sake duba shi kafin ta shiga aji.

Akwai ranar da iyayen makarantar nan ba za su manta ba. An dawo hutu ke nan, hantsi ya ɗaga, sai yara suka fara kukan ciwon kai. Wasu na amai, wasu jiri ya kwashe su. Kafin a ankara an kwantar da su jere a baranda, ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo tana kai da kawo. Ba a san wanda ya fara ba, sai ga saƙon murya yana yawo a wayoyin iyaye, wai dattijon da ke gadin makarantar, wanda shi ke cika tankin ruwan sha, ya zuba wani abu a ciki don an yi masa faɗa makon jiya.

Nan da nan bakin ƙofa ya cika. Shugaban makaranta ya tura mai gadin cikin ɗakin ajiyar kujeru ya kulle, ya fito yana ba da haƙuri, ba mai sauraronsa. Wani ya riga ya ɗauko itace.

Cikin yaran da ke kwance har da jikar Inna Hujja. Ta durƙusa ta taɓa goshin yarinyar. A ranta tana cewa, in fa ruwan ne? In na tsaya tambaye-tambaye yaran nan suka mutu fa? Ta sa aka ɗaure famfon tankin da igiya, ta ce kada wanda ya ƙara sha. Ta sa aka kira asibiti. Sannan ta nufi ƙofa.

A sahun gaba ta tarar da 'yarta ta cikinta, uwar yarinyar, ido jawur.

"Mama, ki matsa! Jikarki ce fa a kwance!"

"Na gan ta. Daga wurinta nake," in ji ta. Sai ta ɗaga murya. "Jama'a, ku ba ni aron kunnenku kaɗan. In shi ne, ba inda zai je, a kulle yake. Wa ya gan shi yana zubawa?"

Aka yi ta kallon juna. Wani ya ce matarsa ce ta turo masa. Matar ta ce daga maƙwabciya ta samu.

"Ba lokacin darasi ba ne wannan, Malama!" wani uba ya daka mata tsawa.

"Gaskiyarka, ɗan'uwana. Amma in ba ruwan ba ne, abin da ya kayar da su yana nan bai tafi ba, kuma sauran 'ya'yanku na ciki."

Wannan ya sa aka ɗan lafa. Ta juya ga ɗaliban da suka taru a bayanta. "Duk wanda ya sha ruwan tanki yau ya ɗaga hannu." Hannuwa suka tashi ko'ina, ga su kuma tsaye garau. Sai ta dubi 'yarta. "Ke, yarinyar nan tana shan ruwan makaranta?"

'Yar ta ce, "A'a. Ni na cika mata gora da hannuna."

"To, waɗanda suka faɗi, 'yan wane aji ne?"

Malamai suka bi baranda suna tambaya. Dukkansu daga sabon gini suke, wanda aka yi wa fenti a lokacin hutu. Da aka je, fentin ya manne tagogi, ba wadda ta buɗu tun safe, yara cunkushe a ciki cikin zafi, warin har yana hawa ka. Aka fito da sauran waje. Likitan da ya iso ya duba su ya ce warin ne da rashin iska. Kafin la'asar duk sun tashi zaune.

Mai gadin ya ce da aka buɗe masa ƙofa bai iya miƙewa ba. "Ina jin muryoyinsu ta bango," in ji shi. "Akwai waɗanda ni na riƙa tsallakar da su titi suna ƙanana." Inna Hujja kuwa, da kowa ya watse, ta shiga ɗakin malamai ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta.

Ke ce kika tsaya a ƙofar nan, Inna, jininki a kwance, kika ƙi yarda tsoro ya yi miki tunani. Ke ce kika nuna mana cewa tambayar da ake yi a ajin lissafi ita ce ta ajin tarihi, kuma ita ce ake yi a bakin ƙofa ran da rai ke hannun mutane. Uwar masu tambaya, sannu da aiki.

A ƙarshen zangon nan ta ajiye alli. Idanunta sun yi rauni, rubutun allo ma sai ta matsa dab, kuma likitoci sun sa mata ranar aiki. Amma ba aikin idon ne ke hana ta sukuni ba. Da saurayin malamin da zai gaje ta ya je gaishe ta, ta riƙe shi da magana har ya rasa hanyar sallama.

"Ɗana, yaran yanzu amsa na aljihunsu. Su latsa waya ta ba su, tsaf-tsaf, ko gaskiya ko ƙarya da murya ɗaya take faɗa. Ni abin da ke damuna, wa zai koya musu su dakata?"

"Za mu yi ƙoƙari, Inna."

"Ƙoƙarin za ku yi, na sani. Ajin ne ya yi yawa, ku kuma kun yi kaɗan."

 Damuwarta gaskiya ce, kuma ba aikin malami ɗaya ba ne.

Mun gode, Inna Hujja. Allah ya sa a yi aikin idon nan a sa'a, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Ku kuma malamai da iyaye, ga abin koyi a gabanku tun tana raye. In saƙo ya shigo wayarka ya tayar maka da hankali, riƙe yatsanka tukuna. In 'yarka ta dawo daga makaranta ta ce, "Baba, ta yaya ka sani?" kada ka ce ta yi rashin kunya. Jawo kujera ka zauna ka ba ta amsa. In ba ka da ita, faɗa mata gaskiya, ku tashi ku nemo tare.