Auke, wanda ya fara gwada ma'auni kafin a yanke min hukunci

Ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Griet, matar maƙwabcina Auke, ta ƙwanƙwasa tagar kicin ɗina. Ko da na ga ba ta sa rigar sanyi ba na san babu lafiya. Ta ce min, "Sietske, Auke ya tafi." A kujerarka ka cika, kofin gahawarka bai ma huce ba. Shekara saba'in da tara. Allah ya jiƙan ka, maƙwabci.

Ni ban iya rubutu ba. A jirgin dakon kaya aka haife ni, yau muna wannan gari gobe muna wancan, makaranta sai dai in hango ta daga ruwa. 'Yata Renske ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara min magana.

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Workum. Duk takardar da ta zo min daga hukuma bayan rasuwar mijina Minne, kai kake karanta min, kuma ban taɓa jin zancen a bakin kowa ba. Idan tayar kekena ta sace, kafin in gama mita ka kife shi a tsakar gida. Amma abin da na zaunar da Renske don shi daban ne.

Minne ya bar min murhun nan na tangaran mai kama da ƙwai, wanda ake zuba wa gawayi a rufe da murfi. A jikin murfin akwai ma'aunin zafi, mai fuska kamar agogo. Da yake ƙananan lambobi na ba ni wahala, sai Minne ya ɗiga min jan farce a kan ɗari da tamanin. Allura ta hau jan nan, in sa kaji, in ba su awa ɗaya da kwata. Haka nake gasa wa layinmu kaji duk watan Agusta, ranar da muke fito da tebura titi mu ci tare. Ba a taɓa dawo min da faranti da saura a ciki ba.

Shekara tara da suka wuce abin ya lalace. Na gasa wa jikokina kaza a watan Mayu, aka yanka, jini a jikin ƙashi. Aka ce tsautsayi ne. A Agusta kuma, gaban mutanen layi kaf, kaji shida, waje ya yi ja, ciki ɗanye. Mutane suka yi ta cin dankali da ganye suna yabon yanayi.

A makon ne Renske ta zo da takarda. Dama ta taɓa tsintar makullaina a firji. Ta ce, "Mama, kin fara mantuwa. Yau kaza ce, gobe wuta za ki bari a kunne." Ta riga ta je ta duba ɗaki a gidan tsofaffi a garin Sneek, saura sa hannu. Ban yi mata musu ba, don ni kaina na fara yarda. Sai in zauna ina tambayar kaina, anya na ba su awa da kwatan nan? Gidan da na yi shekara arba'in a ciki, na fara kallon kayansa ina zaɓen wanda zai shiga ɗaki ɗaya.

Na kawo maka takardar ka karanta min. Ka karanta har ƙarshe, ka ninke. Ka ce, "Maƙwabciya, ɗora ruwa a wuta. Ki kira Renske ta zo."

Kai da ka yi shekara arba'in kana dafa madara a kamfanin cuku, ba ka yarda da ma'aunin da ba ka gwada ba. Ka je lambuna ka kwance ma'aunin daga murfin murhun, ka goge baƙin hayaƙin da ya daskare a tsinkensa. Da ruwa ya tafasa sosai ka tsoma tsinken, ka riƙe da tsumma, ba ka bari ya taɓa gindin tukunya ba.

Renske ta ce, "Kawu Auke, shayin ƙarfe za ka dafa mana?"

Ka ce, "Ke dai sa tabaranki. A ƙasar nan da muke kafaɗa ɗaya da teku, ruwa a ɗari yake tafasa, ko sarki ne ya ɗora shi. Karanta min."

Muka tsaya mu uku muna kallo. Allura ta wuce ɗari, ta yi ta tafiya, sai da ta kai ɗari da arba'in ta tsaya. Renske ta faɗi lambar a hankali.

Ka ce, "To kin gani. Arba'in yake ƙarawa. Duk lokacin da uwarki ta ga allura a kan ja, wutar ba ta kai ba. Ita ta yi aikinta daidai, wannan ne maƙaryacin."

Ba ka tambayi wanda ya taɓa shi ba. Renske ce da kanta ta ja kujera ta zauna. Rubuta, Renske, kada ki tsallake nan. Ta ce da bazara ta zo ta wanke min murhun, ta ga fuskar ma'aunin ta ɗan karkace, lambobin ba su miƙe ba, sai ta kama ta murɗa har ta daidaita. Ba ta san murɗawar nan ce ke ɓata shi ba. Ta fara kuka. Ka ce, "Tsafta ce ta yi miki yawa, duk matan garin nan haka kuke. Miƙo min sifana."

Akwai ɗan noti a bayan fuskar. Ka riƙe shi da sifana, ka juya kaɗan, ka mayar cikin ruwa. Ɗari da goma. Ka sake. Sau uku ka yi kafin allura ta zauna cif a kan ɗari. Sannan ka ce in kashe wuta da kaina, ka kalli Renske ka ce, "Kin ga ba ta manta ba."

Ranar Lahadi na gasa kaza biyu. Renske ta yanka har ƙashi, fari tas. Takardar Sneek ba a sake ɗago zancenta ba. Likita na je daga baya, ya ce kaina lafiya lau, makulli a firji kuwa shi ma ya taɓa yi.

Tun daga nan duk bazara sai ka shigo da sifanarka mu tafasa ruwa. Wata shekarar ba ya buƙatar gyara ko kaɗan, amma sai ka gwada, ka sha gahawa, ka cinye min biskit. Bara hannunka na rawa, ka ce ni in riƙe notin kai ka karanta. Na ce, "Makaho da gurgu ke nan." Ka yi dariya har da tari.

Yau shekarata tamanin da huɗu, kuma a gidana nake kwana, a gadona. Shekara taran nan kai ka ba ni su, Auke, da tukunyar ruwa ɗaya. Ban taɓa gode maka da baki yadda ya kamata ba, don ba ka son irin wannan, da na fara sai ka kawo zancen ruwan sama.

Allah ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Griet, Allah ya ba ki haƙuri, ƙofata a buɗe take safe da yamma. Ku kuma 'ya'yansa, Hidde da Wytske, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba ku dangana. A wajen jana'iza na ji kun fara shawarar inda uwarku za ta koma. Za ta yi mantuwa a watannin nan, za ta ƙona abinci, mai makoki haka yake. Ku ba ta lokaci. Kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku zo ku zauna da ita ku duba da kyau. Ni ina nan kusa, zan riƙa leƙa ta.

Sietske, maƙwabciyarka