Doña Eduviges da Ƙwayayen Kunkurun Teku

Kafin masunta su tura jirage ruwa, Doña Eduviges Alvarenga ta riga ta fita bakin teku tana bin sawun kunkuru. Inda uwa ta yi ƙwai, sai ta durƙusa ta tone da hannu, ta kwashe su a hankali yadda suke kwance, ta kai cikin shingen da ta kafa, ta sake binnewa daidai zurfin ramin farko. Daga nan ta soka ma'aunin zafi a rairayi. Ita ta koya mana cewa rairayi mai zafi mata yake ƙyanƙyashewa, in zafin ya wuce kima kuwa ƙwan ya mutu. Shi ya sa take yin rumfar ganyen kwakwa tana yayyafa ruwa.

Wani masunci, Don Nicanor, shaida ne. Ta yi ta binsa har ya koma ƙugiya mai lanƙwasa, wadda kunkuru ba ya haɗiyewa. "Na canza ne don ta bar ni in sha kofi lafiya," in ji shi.

Yanzu gwiwoyinta sun gaza. Ranar Asabar muka yi mata bikin sallama, da wainar masara ta pupusa da kiɗa. Ana cikin jawabi sai ta hango kwano a ƙarƙashin teburin baya: ƙwan kunkuru dafaffe, da gishiri da lemun tsami. A bikinta. Da yawanmu mun gani tun kafin ita, muka kau da kai.

Ta dogara sanda ta je wurin Rutilio, mai kwanon.

"Daga wane gefe?"

"Doña, ɗan kaɗan ne fa, na taɓa baki..."

"Ban tambaye ka yawansu ba, ɗana. Gobe ka nuna mini ramin, ko ka bar saura."

Kiɗa ya tsaya. Washegari ta samu sauran, ta lallaɓa da ƙyar ta binne su da kanta.

Ke ce uwar rairayi, Doña Eduviges. Kin yi mana aikin da muka ƙi yi, mun saka miki da abin da ba ma iya duban idonki. Mun gode, ki yafe mana.

Ku kuma mutanen gari, har yau babu wanda ya karɓi shingen. Ƙwan da ke ciki sun kusa ƙyanƙyashewa, ita kuwa ba ta iya durƙusawa kuma.